Yadda na shigar da ra'ayina kan haƙar mai a gandun dajin Alaska, daga zauren taro har ranar gwanjo

A watan Afrilun 2018 ina zaune a Fairbanks, a tsakiyar jihar Alaska, ina cikin shekarata ta biyu ta karatu, aka fitar da sanarwar cewa gwamnatin tarayyar Amurka za ta fara sauraron jama'a kan haƙar mai a gandun namun daji na yankin Aktik. Na shiga lamarin da zafina, ban san kansa ba, ban san gindinsa ba, na kuma ɓata watanni ina ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ce ƙofar ba. Shi ya sa nake son in bayyana yadda abin ya gudana daki-daki, domin duk ɗan'uwan da ke zaune a Amurka yana son a ji muryarsa a irin wannan batu ya san inda zai sa ƙafa.

Gandun da ake magana a kai yana kusurwar arewa maso gabashin Alaska, ya jingina da iyakar Kanada, faɗinsa ya haura eka miliyan 19. A 1960, zamanin Shugaba Eisenhower, aka fara keɓe shi, sannan a Disambar 1980 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta faɗaɗa shi. A cikin wannan doka akwai wani sashe mai lamba 1002, wanda ya ware shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke bakin teku, kimanin eka miliyan ɗaya da rabi, ya ce ba a buɗe ta ba, ba a kuma rufe ta har abada ba, sai abin da majalisar dokoki ta yanke nan gaba. A kan wannan tsiri na ƙasa ake ta gumurzu tun daga lokacin. Mutanen Alaska da yawa in za su ambaci wurin, lambar kawai suke faɗa, kowa ya gane.

Wanda ya fara jawo ni cikin zancen wani yayana ne na zumunci, Bahaushe, injiniya, da ke aiki a filin mai na Prudhoe Bay, yana yin makonni biyu a can ya dawo ya huta makonni biyu. Shi yana goyon bayan haƙar, kuma hujjojinsa ba na wasa ba ne. Yakan ce mini, "Ƙanena, kai ba ka san abin da ƙasar nan ta gani a 1973 ba. Larabawa sun rufe famfo, aka wayi gari motoci na layi a gidajen mai. Cikin shekarar majalisa ta amince a shimfiɗa bututun Alaska." Gaskiya ya faɗa. An gano man Prudhoe Bay a 1968, aka kammala bututun mai tsawon mil 800 zuwa tashar jiragen ruwa ta Valdez a 1977. A 1988 yana ɗaukar ganga kusan miliyan 2 a rana, amma a lokacin da muke wannan hira ya sauko zuwa wajen ganga dubu 500. Jihar ba ta karɓar harajin albashi, da kuɗin mai ta daɗe tana tafiyar da makarantu da hanyoyi, har ma tana raba wa mazaunanta wani kaso duk shekara, wanda a 2018 ya kama dala 1,600 ga kowane mutum. Ni kuma abin da ke raina shi ne garken karibu, wata dabba dangin barewa mai ƙahoni masu rassa, waɗanda ke yin doguwar tafiya duk shekara su zo wannan bakin teku su haihu a farkon watan Yuni. A ƙidayar 2017 an ƙiyasta garken ya kai dubu 218. Na ce masa, "Yaya, ni zan je in faɗa musu kada su haƙa." Ya dube ni ya ce in je, amma in fara karanta dokar tukuna.

Ban karanta ba, kuma nan ne kuskurena na farko. Na ɗauka tambayar da ake yi wa jama'a ita ce a haƙa ko kada a haƙa. Ashe wannan an riga an yanke ta tun 22 ga Disambar 2017, ranar da Shugaba Trump ya sa hannu a dokar rage haraji. Sanata Lisa Murkowski ta Alaska ta yi tsayin daka aka sa wani ɗan gajeren sashe a cikinta, wanda ya wajabta a yi gwanjon hayar filaye sau biyu a bakin tekun, kowanne bai gaza eka dubu 400 ba, na farko cikin shekara huɗu, na biyu cikin shekara bakwai, a raba kuɗin biyu tsakanin tarayya da jiha. An sha gwada buɗe wurin a baya ba a yi nasara ba. A 1989 malalar man jirgin Exxon Valdez ta kashe yunƙurin, a 1995 Shugaba Clinton ya hau kujerar na ƙi, a 2005 kuma aka kayar da shi a majalisar dattawa. Wannan karon ya wuce. Saboda haka abin da Hukumar Kula da Filaye ta tarayya, wadda ake kira BLM, ke nema daga jama'a shi ne yadda za a yi, a ina, da waɗanne sharuɗɗa. Wata doka ta 1970 ce ta tilasta wa kowace hukumar tarayya ta rubuta rahoton tasirin aiki ga muhalli kafin ta yi babban aiki, ta kuma saurari jama'a.

Matakin farko shi ne na tantance batutuwan da rahoton zai duba. Sanarwar ta fito ranar 20 ga Afrilu a jaridar gwamnatin tarayya mai suna Federal Register, aka ba da kwana 60. Kafin in yi komai sai da na je ofishin da ke kula da ɗalibai baƙi a makarantarmu, domin zuciyata ba ta kwanta ba. Ni ba ɗan ƙasa ba ne, takardar izinin karatu ce a hannuna, ina tsoron kada shiga irin wannan magana ta zame mini matsala. Na jira kamar minti arba'in, matar da ta gan ni ta ce wannan ba zaɓe ba ne, kowa na iya ba da ra'ayi. Haka kuwa abin yake. Ba a tambayi fasfo ba, ba a tambayi katin shaida ba, ba a karɓi ko kwabo ba, tun daga farko har ƙarshe.

An yi taron Fairbanks a ƙarshen watan Mayu, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba, ka fito ƙarfe goma na dare gari na nan da haskensa. A bakin ƙofa akwai takarda biyu, ɗaya ta masu halarta, ɗaya ta masu son yin magana. Na iso a makare, na tarar sunaye sun cika shafuka, na rubuta nawa can ƙasa. Kowane mai magana mintuna kaɗan ake ba shi, ga mai ɗaukar magana a rubuce yana ta bugawa. Na zauna sa'o'i ina saurare, kuma wannan zaman ya fi mini duk abin da na karanta a baya amfani. Dattawan ƙabilar Gwich'in, waɗanda suka zo daga ƙauyuka irin su Arctic Village da Venetie da Fort Yukon, sun yi bayanin cewa karibu ne abincinsu da suturarsu da tarihinsu. A harshensu suna kiran bakin tekun da suna mai nufin tsattsarkan wurin da rayuwa ke farawa, kuma tun taron da suka yi a 1988 suka tsaya a kan magana ɗaya. Ma'aikatan ƙungiyoyin ƙwadago kuma suka tashi suka yi zancen aikin yi da 'ya'yansu da ke barin jihar. Ba wanda na ji ya yi kama da maƙaryaci. Lokaci ya ƙare ba a kai ga sunana ba. Na karɓi takardar rubuta ra'ayi a teburin baya, na cika rabin shafi da abin da ke cina, cewa wurin yana da kyau, cewa zunubi ne a ɓata shi, cewa ina adawa.

Ina shirin jefa ta a akwati sai wata dattijuwa da muka zauna kusa da juna ta nemi ta gani. Ta taɓa aikin rubuta irin waɗannan rahotanni kafin ta yi ritaya. Ta karanta, ta miƙo mini, ta ce, "Ɗana, ƙuri'a ka rubuta, nan kuwa ba a ƙirga ƙuri'a." Na ce, "Mama, to me ake so in rubuta?" Ta ce doka ta wajabta wa hukuma ta amsa ra'ayin da ke da ƙwari kawai, wato wanda ya nuna kuskure a lissafi, ko ya kawo bayanin da ba a duba ba, ko ya ba da wata hanya ta daban mai yiwuwa. Wanda ya ce yana so ko ba ya so, za a rubuta cewa an gani, shi ke nan. Na jefa takardar duk da haka, amma na koma gida jikina a sanyaye.

Daga nan sai shiru na wata shida. Ba wasiƙa, ba kira. Da a ce ban rubuta adireshina na imel a takardar halarta ba, da ban ma san lokacin da aka shiga mataki na gaba ba. A cikin wannan shirun na zauna a ɗakin karatu na bi hujjar da Yaya ya fi ƙarfi a kanta, wato rage dogaro da man ƙasashen waje, domin na ga in ban fahimce ta ba, ba ni da bakin magana.

Abin da na samu ya ba ni mamaki ta fuska biyu. Da farko, man ba kaɗan ba ne a takarda. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta a 1998 cewa abin da za a iya fitarwa da fasahar zamani yana tsakanin ganga biliyan 5.7 da biliyan 16, matsakaicinsa biliyan 10.4, in an haɗa da filayen 'yan asalin yankin da ruwan da ke hannun jiha. Amma ƙiyasi ne da aka gina a kan binciken girgiza ƙasa, wato a aika motsi cikin ƙasa da na'ura a auna yadda ya dawo don a gane inda mai yake, da aka yi a 1984 da 1985. Rijiyar gwaji ɗaya tak aka taɓa haƙawa a wurin, a tsakiyar shekarun 1980, a filin kamfanin mutanen ƙauyen Kaktovik, kuma kamfanonin da suka haƙa ta sun ɓoye sakamakon. Sannan akwai bambanci tsakanin man da za a iya fitarwa da man da fitar da shi zai biya kuɗinsa, a wurin da ba hanya, ƙasa a daskare, hunturu ya fi rabin shekara. Na biyu, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai, shi ne lokaci. Amurka na shan ganga kusan miliyan 20 a rana. Hukumar tattara bayanan makamashi ta gwamnati ta yi lissafi a 2008 cewa in an buɗe wurin, sai an yi shekara goma kafin ganga ta farko ta fito, kuma a matsakaicin hasashe, ko a ƙololuwarsa ba zai kai ganga miliyan ɗaya a rana ba, abin da zai rage a farashin ganga kuma bai kai dala ɗaya ba. Dalili shi ne a kasuwar duniya ake yanke farashin mai, ba a bakin rijiya ba.

Ƙari a kan haka, ƙasar da ake maganar ceto ta riga ta canja. A 2005 kusan kashi 60 cikin ɗari na man da Amurka ke sha daga waje yake zuwa, in an cire abin da take fitarwa. Daga baya sabuwar fasahar fasa duwatsu ta cika Texas da Dakota ta Arewa da rijiyoyi. A Disambar 2015 aka ɗage haramcin fitar da ɗanyen mai waje, a 2018 kuma Amurka ta zama ƙasar da ta fi kowa haƙo ɗanyen mai a duniya. Ɗanyen man da take shigowa da shi ma, Kanada ce ta fi kowa sayar mata. Na kai wa Yaya waɗannan alƙaluma. Bai musa ba, sai ya ce rijiyoyin fasa duwatsu saurin ƙafewa suke yi, kuma ƙasa mai hankali tana tanadin shekara talatin ne, ba ta gobe ba. Ya ƙara da cewa in ba a haƙa a nan inda ake da dokoki ba, za a haƙa a wani wuri inda ba mai sa ido. Har yau ina ganin wannan ita ce hujjarsu mafi nauyi, ko da yake ba ta gamsar da ni ba, domin man da ke ƙarƙashin ƙasa ba ya ruɓewa in an bar shi, wurin haihuwar garke kuwa in ya lalace ba a san ranar dawowarsa ba. Sawun motocin binciken 1984 da 1985 ya yi shekaru gommai ana ganinsa daga sama.

Daftarin rahoton ya fito ranar 20 ga Disambar 2018, juzu'i biyu, ɗaruruwan shafuka. Bayan kwana biyu gwamnatin tarayya ta tsaya cik saboda rikicin kasafin kuɗi, aka yi kwana 35 ma'aikata da yawa na gida, har 25 ga Janairu. An ɗage tarukan da aka shirya, wa'adin da aka sa na 11 ga Fabrairu kuma daga baya aka ƙara shi zuwa 13 ga Maris. A wannan tsakanin na rikice ƙwarai, domin ban san wace rana zan riƙe ba. Shawarar da zan ba kowa ita ce ya yi aiki da ranar farko har sai ya ga ƙarin wa'adi a rubuce daga hukumar kanta, kada ya dogara da abin da ya ji a bakin mutane.

Na fara karanta daftarin daga shafin farko kamar littafi, na yi mako guda ban fita daga gabatarwa da bayanin dokoki ba. Wannan ɓata lokaci ne. Babi na biyu ne zuciyar abin, inda aka jera zaɓuɓɓuka. Na farko shi ne a bar wurin yadda yake, amma an rubuta a fili cewa don kwatance kawai aka sa shi, tunda doka ta riga ta ce a yi gwanjo. Sauran sun bambanta a yawan filin da za a buɗe da tsananin sharuɗɗa, daga wanda ya buɗe kusan duka bakin tekun zuwa wanda ya keɓe babban ɓangaren wurin haihuwar karibu. Daga nan sai taswirori, sai babi na uku inda ake bayanin tasiri. Sauke rahoton daga intanet kyauta ne. Abin da na kashe shi ne na buga taswirori da shafukan da nake buƙata, wajen dala 20, domin idona ba ya jure karatun taswira a kwamfuta.

Taron sauraron ra'ayi kan daftarin ya zo Fairbanks a farkon Fabrairu, cikin sanyin da ke daskarar da gashin ido. Tsarinsa ya bambanta da na farko. An kafa alluna da taswirori, masana na tsaye a gefensu suna amsa tambayoyi, ga masu ɗaukar magana a rubuce a teburori, mutum ya je ya zauna ya faɗi nasa. Jama'a da yawa sun fi son su yi magana kowa na ji, suka kuwa miƙe suka yi, zauren ya ɗau zafi. Ni na bi layin teburi. Na jira kusan sa'a guda, na zauna, aka ce in faɗi sunana in kuma furta haruffansa ɗaya bayan ɗaya. Muryata na rawa, amma na karanta abin da na rubuto a katin da ke hannuna. Wanda zai je irin wannan wuri ya rubuta maganarsa tun daga gida, ya kuma sani cewa magana a baki da rubutacciyar takarda darajarsu ɗaya a wurin hukuma, don haka wanda bai samu halarta ba bai yi asarar komai ba ta fuskar doka.

A wannan daren na haɗu da wani magidanci ɗan ƙabilar Inupiat, wanda danginsa ke Kaktovik, ƙauye ɗaya tilo da ke cikin gandun, mai mutane ƙasa da 300. Ya ga katin da ke hannuna ya tambaye ni daga ina nake. Da na faɗa masa, sai ya ce cikin natsuwa, kowa na zuwa daga nesa yana kiran garinsu daji, alhali kakanninsa na kwance a wurin. Ya ce harajin da ƙaramar hukumarsu ke karɓa daga kayan aikin mai shi ya kawo musu makaranta da asibiti da ruwan famfo, kuma an zana gandun a kan ƙasarsu ba tare da an nemi yardarsu ba. Ya ce ba duk mutanen ƙauyen ne bakinsu ɗaya ba, amma shugabanninsu sun daɗe suna goyon bayan haƙar. Ban sami abin ce masa ba sai godiya. Bai sauya matsayina ba, amma ya sauya takardata. Na cire duk inda na rubuta cewa wurin ba kowa, na kuma daina magana kamar 'yan asalin Alaska murya ɗaya gare su.

Takardar da na rubuta a ƙarshe shafi huɗu ce, a kan batu biyu kacal. Na farko shi ne iyakar eka 2,000 da dokar ta sa wa gine-ginen haƙa. Masu goyon baya na yawan ambaton wannan adadi, suna cewa ɗigo ne a cikin eka miliyan 19. Amma ba a ce ekokin su kasance a dunƙule wuri ɗaya ba. Bututun da aka ɗaga sama, ƙafafun da ke riƙe da shi kawai ake aunawa, hanyoyin ƙanƙara na hunturu kuma ba sa cikin lissafi. Da haka eka 2,000 na iya bazuwa kamar saƙar gizo-gizo a faɗin bakin tekun, kuma uwar karibu mai sabon ɗa tana ƙaurace wa hanya da bututu da nisa. Na nemi a nuna a taswira iyakar faɗin da wannan saƙa za ta iya kaiwa. Na biyu shi ne na nemi a bayyana shekarar da ake sa ran man zai fara fitowa da inda za a sayar da shi, tunda tun tsakiyar shekarun 1990 aka halatta fitar da man arewacin Alaska zuwa waje. In dalilin shi ne rage dogaro da waje, ya kamata a nuna shi da lissafi. A kowane batu na sa lambar shafi da sakin layin da nake magana a kai, kamar yadda dattijuwar nan ta koya mini.

A lokacin ana iya aikawa ta shafin hukumar na intanet, ko ta gidan waya, ko a miƙa hannu da hannu. Na bi ta intanet, kwana biyar kafin wa'adi, na kuma adana shaidar karɓa. Akwai gargaɗi a rubuce da ya kamata kowa ya karanta: duk abin da ka sa a takardarka, har da adireshi da lambar waya, yana iya fita bainar jama'a, kuma ko ka roƙi a ɓoye ba a yi maka alkawari ba. Sunana da garin da nake kawai na sa.

Sai wani jiran na wata shida. A Satumbar 2019 rahoton ƙarshe ya fito. Ra'ayoyin da aka karɓa sun haura miliyan ɗaya, amma mafi yawansu wasiƙa iri ɗaya ce da ƙungiyoyi suka shirya mutane suka sa hannu, kuma irin wannan amsa ɗaya ake ba ta komai yawan masu aikowa. Ba wanda zai rubuto maka amsa ta kanka. Amsoshin suna cikin wani dogon rataye a ƙarshen rahoton, an jera su bisa batu. Na yi dare biyu ina bincike kafin in ga inda aka tattara maganar eka 2,000, tawa da ta wasu da yawa da suka fi ni sani, da amsar hukuma a gefe. Amsar ba ta ba ni abin da na nema ba. Duk da haka na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina, domin tambayar ta shiga kundin hukuma. Daga baya na fahimci muhimmancin wannan: idan aka je kotu, wannan kundin alƙali ke dubawa, kuma kotuna kan ƙi sauraron ƙorafin da ba wanda ya gabatar da shi lokacin da ƙofa ke buɗe. A Agustan 2020 sakataren harkokin cikin gida David Bernhardt ya sa hannu a kan zaɓin da ya buɗe kusan duka bakin tekun. Gwich'in da ƙungiyoyin kare muhalli suka garzaya kotu.

Ranar 6 ga Janairun 2021 aka buɗe tayin gwanjo, aka nuna kai tsaye ta intanet. Hankalin duniya na kan kutsen da magoya bayan Shugaba Trump suka yi a ginin majalisa a Washington a ranar, mu kuwa ni da Yaya muna kan waya muna kallon ana buɗe ambulan. Ofishin kasafin kuɗi na majalisa ya yi hasashen tarayya za ta samu kusan dala biliyan ɗaya daga shirin cikin shekara goma. Abin da aka tara a ranar dala miliyan 14.4 ne. Rabin filayen ba wanda ya taya su. Manyan kamfanonin mai ba su zo ba, yawancin filayen da aka taya wata hukumar raya masana'antu ta jihar Alaska ce ta ɗauka, sai ƙananan kamfanoni biyu da daga baya suka janye. Kafin ranar, manyan bankunan Amurka sun riga sun sanar cewa ba za su ba da kuɗin haƙar mai a gandun ba. Yaya ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanena, ba wanda zai zuba biliyoyi a wurin da kowace sabuwar gwamnati ke juya magana." Ni kuma na ce masa mai yiwuwa masu kuɗin sun yi lissafin da ni ma na yi a ɗakin karatu. Ina jin kowannenmu ya riƙe wani ɓangare na gaskiyar.

Abin da ya biyo baya ya tafi da sauri. Shugaba Biden ya dakatar da shirin ranar da ya hau mulki, a Satumbar 2023 aka soke hayar da ta rage, aka fitar da ƙarin rahoto, na sake aika ra'ayi, wannan karon cikin mako guda domin na san hanya. Gwanjo na biyu da doka ta wajabta ya zo a Janairun 2025, aka sa eka dubu 400 a kasuwa, ba a samu tayi ko ɗaya ba. Shugaba Trump ya dawo ya ba da umarnin a sake buɗewa, a watan Maris wata alƙaliyar tarayya a Alaska ta yanke cewa soke hayar bai bi ƙa'ida ba, a Yulin 2025 kuma majalisa ta zartar da dokar da ta wajabta ƙarin gwanjo huɗu.

Da zan koma 2018 da abin da na sani yanzu, da na fara da gano wanda ke da ikon yanke abin da ke damuna. Tambayar a haƙa ko kada a haƙa ta majalisa ce, kuma wanda ya kai ta gaban hukuma bayan an sa hannu a doka ihu bayan hari yake yi. Da na sa ƙarfina a matakin farko na tantance batutuwa, wanda na yi wa riƙon sakainar kashi, domin a nan ake yanke abin da rahoton zai duba da abin da zai tsallake. Da kuma na nemi mutumin da ba mu yarda da juna ba tun da wuri, domin Yaya da magidancin nan na Kaktovik sun gyara takardata fiye da duk waɗanda muke ra'ayi ɗaya da su.

Wani abu kuma da ban gane ba sai daga baya shi ne gwanjo ba shi ne ƙarshen takardu ba. Mai haya ba zai tura mota ko ya kafa rijiya ba sai ya nemi izini na daban a kowane mataki, na binciken girgiza ƙasa, na rijiyar gwaji, na hanya da bututu, har da izinin da ya shafi farin beyar, babban naman dajin nan na yankin ƙanƙara, wanda matansa ke haƙa ramin haihuwa a cikin dusar ƙanƙarar wannan bakin teku, kuma tun 2008 yana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana. Ƙofar ra'ayi a waɗannan matakai kan zama ƙunƙuntacciya. A ƙarshen 2020, da aka nemi izinin binciken girgiza ƙasa a gabashin yankin, kwana 14 aka bayar, kuma ni sai da ya rage kwana uku na ji labari. Tun daga ranar na yi rajista a shafin Federal Register domin a riƙa turo mini duk sanarwar da ta ambaci bakin tekun, ina kuma duba saƙon kowace safiya kafin in fita aiki.